Taya, burki da magariba: yadda jirgin feshi ke dawowa ƙasa

Duk shekara, da shinkafa ta fara ɗaukar nono a fadamun Wurno da Goronyo da Kware, magana ɗaya za ka ji a bakin manoma da gidajen rediyo: jan-baki ya sauka, a turo jirgi. Ban ga laifinsu ba. Tsuntsun nan bai cika tafin hannu ba, amma ana ƙiyasta yana cin hatsi kamar giram 10 a yini, wato garke mai miliyan biyu zai iya tashi da tan 20 kafin rana ta faɗi. Mutumin da ya wuni a gona shi da 'ya'yansa suna kaɗa gwangwani da majajjawa har murya ta dushe, ba ka da bakin da za ka ce masa ya ƙara haƙuri.

Na daɗe ina aikin malamin gona, kuma a wasu shekarun ni ake haɗawa da ma'aikatan jirgin. Mu ke bin tsuntsayen da yamma har mu gano inda suke kwana, cikin ƙayoyi da dogayen ciyayin bakin gulbi, mu ɗauki lambar wurin da GPS mu kai wa matuƙi. Zaman da na yi da su a gindin jirgi ne ya sa nake da ra'ayin da zan faɗa a nan: yawancin haɗarin da jirgin feshi ke yi wurin sauka, tun yana tsaye a ƙasa ake haɗa shi, wani lokaci kwanaki kafin ya tashi. Kuma wannan ɗabi'a tamu ta sai tsuntsu ya riga ya shiga gona sannan a fara neman jirgi a guje, tana da hannu a ciki.

Sana'ar feshi da jirgi ta haura shekara ɗari. A 1921 aka fara gwada ta a jihar Ohio ta Amurka, da wani jirgin soja, don kashe tsutsar da ke cinye ganyen itatuwa. Tun daga nan aka zo ana ƙera jirage musamman saboda aikin: Piper Pawnee, Cessna 188, Ag Cat mai fiffike biyu sama da ƙasa, Thrush, Dromader na ƙasar Folan, da Air Tractor da ake ƙerawa a wani ƙaramin gari mai suna Olney a Texas. Idan ka jera su za ka ga kamanni ɗaya. Injin a gaba, tankin magani a bayansa, sannan matuƙi can baya a sama, cikin keji na bututun ƙarfe, domin idan aka yi karo injin da tanki su fara karɓar dukan kafin ya iso gare shi. A gaban gilashi da ƙafafun jirgin akwai wuƙaƙen yanke waya. Akwai kuma hannu guda kusa da matuƙi wanda in ya ja shi, ƙasan tankin zai buɗe ya zubar da kayan cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Abin da ya fi damuna a wannan rubutu shi ne tayoyin. Jiragen fasinja da muka saba gani a filin jirgin Sultan Abubakar III suna da taya a ƙarƙashin hanci, manyan tayoyi a tsakiya. Na feshi kuwa manyan tayoyi biyu ne a gaba, sai 'yar ƙarama ɗaya a wutsiya. An yi haka da dalili: farfela tana nesa da tsakuwa, kuma jirgin yana jure filin da ba kwalta. Amma akwai kuɗin da ake biya. Tsakiyar nauyin jirgin tana bayan manyan tayoyin ne, ba gabansu ba. Saboda haka da zarar ya taɓa ƙasa yana gudu, hancinsa ya ɗan karkata dama ko hagu, nauyin da ke baya zai nemi ya wuce gaba, karkatar ta ƙaru da kanta maimakon ta gyaru. Wanda ya taɓa tuƙa Keke Napep da baya da ɗan gudu ya san abin: ka ɗan murɗa kai kaɗan, sai ka ga gaba ɗaya tana neman juyewa da kai. To jirgin feshi a kullum haka yake tafiya a ƙasa, ga nauyin da kan kai tan uku ko huɗu, ga gudu.

Abu uku ke hana shi juyewa. Akwai allon wutsiya da matuƙi ke motsawa da ƙafafunsa, amma shi iska yake buƙata, yadda gudu ke raguwa haka ƙarfinsa ke mutuwa. Akwai makullin tayar wutsiya, wani ɗan ƙarfe ne da ke shiga rami ya tsayar da tayar tana kallon gaba sak. Sai burki, wanda kowace taya ke da nata daban, na dama a saman matakin ƙafar dama, na hagu a na hagu. Wurin da aka fi samun matsala shi ne ƙarshen gudun, lokacin da mai kallo zai ce ai an riga an sauka. Allon wutsiya ya daina aiki sosai, saura makulli da burki. In ƙarfen makullin ya cinye bai shiga raminsa ba, ko burkin gefe ɗaya ya yi laushi, matuƙi zai taka duka biyun, ɗaya ya kama ɗaya ya ƙi, jirgin ya bi wanda ya kama. In kuma ya ji tsoro ya danne su da ƙarfi a ƙasa mai taushi, wutsiya ta ɗaga, hanci ya kifa.

Na ga irin wannan da idona, a wani fili na jar ƙasa da aka share don aikin. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, saman ƙasa ya bushe amma cikinta da sauran danshi, ga sawun amalanke ya ratsa filin a karkace. Jirgin ya dawo ana gab da kiran magariba, hadari na haɗuwa a gabas, iskar da ke gabansa ta fara bugowa ta gefe. Ya sauka lafiya lau, har wani yaro a kusa da ni ya fara tafi. Ya ci fiye da rabin filin, gudunsa ya ragu kamar na mota a cikin gari, sai na ga wutsiyar ta fara lilo. Ta yi hagu, ta dawo, ta sake yin hagu, daga nan ba ta dawo ba. A hankali abin ya faru, kamar da wasa. Jirgin ya juya yana kallon inda ya fito, ƙafar dama ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa, bakin fiffike da bututun feshi suka tono ƙasa, farfela ta sari turɓaya sau biyu ko uku ta tsaya. Matuƙin ya buɗe ƙofa ya fito da ƙafarsa, ko ƙwarzane babu. Da aka ɗaga wutsiyar washegari, ƙarfen makullin ya cinye har bakinsa ya zama kamar an fere shi, ramin da yake shiga ya cika da busasshen giris da yashi.

Babu wanda ya mutu, babu jaridar da ta ɗauka. Amma farfelar da ta taɓa ƙasa ba a miƙe ta da guduma a ci gaba, sai an aika da ita, injin ma sai an bincika cikinsa yadda kamfanin da ya ƙera shi ya tsara, domin dukan yana ratsawa har cikin giya. Ƙafar jirgi ba a sayar da ita a Tsohuwar Kasuwa ko a Kano. Daga waje ake odarta, da dala, ta bi ta kwastan. Kafin kayan su iso an riga an yanke abin da tsuntsu ya rage. Manoman yankin har yau cewa suke jirgin gwamnati ya zo ya yi kwana kaɗan ya gudu.

A wata shekarar daban na zauna da wani dattijon injiniya, mutumin nan ƙasar ne, wanda ya yi karatunsa a kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964. Shi ne ya koya mini kallon jirgi. Da asuba bayan salla yake farawa, kafin rana ta dumama tayoyi, domin awon iskar taya mai zafi ƙarya yake yi. Ba ya duban taya da ido ya ce ta yi, ba ya shurin ta da ƙafa. Geji yake sawa, ya rubuta lambar a ɗan littafinsa. Ya durƙusa ya shafa faifan burki da yatsa yana neman zane, ya leƙa kaurin abin da ke damƙe faifan, ya bi bututun man burki da farin tsumma ya ga ko zai fito da ja. Kowane babban noti akwai ɗigon fenti da ya ratsa shi zuwa jikin ƙarfen da yake kai. In layin fentin ya rabu, notin ya motsa. Wasu kuma an ɗaure su da siririyar waya a murɗe, ta yadda in notin ya nemi kwancewa wayar za ta ƙara tamkewa. Daga nan ya kwance faifan gefen jirgin, ya naɗe tsumma a kan igiyar ƙarfen da ke zuwa allon wutsiya, ya ja shi a hankali tun daga gaba har baya, musamman inda igiyar ke bi ta kan ƙaramar gargare. In tsumman ya maƙale, zare ɗaya ya tsinke a ciki.

Wata safiya ya kira ni. "Malam, taho ka taka wagga." Na hau na taka burkin hagu, ya tsaya da ƙarfi. Na taka na dama, ya tafi ƙasa a hankali kamar an taka soso, sai da na sake bugawa sannan ya kama.

"Iska ta shiga," in ji shi. "Kuma iska ba ta shiga sai da ƙofa. Akwai inda mai ke fita."

Wakilin masu kwangila yana tsaye, waya a kunne, shugabanninsa na ta kiransa. Ya matso ya sassauta murya. "Baba, don Allah a ƙara mai a lallaɓa na yau. Manya na zuwa kallo da yamma, har da 'yan jarida. Gobe sai a kwance."

Dattijon bai ɗaga kai daga tayar ba. "Yallaɓai, sa hannuna ake nema a littafin, ba naka ba. In na sami robar da ta lalace na canza, na yi bilidin na fitar da iskar, ya tashi. In ban samu ba, manya su kalle shi a tsaye."

Robar da ake magana a kanta ba ta kai zoben yatsa ba. Ya same ta a cikin akwatinsa, domin mutum ne da ba ya tafiya aiki sai da irin waɗannan tarkacen, kuma jirgin ya tashi a ranar, a makare. Abin da na riƙe shi ne tsarin da ya ba shi ƙarfin faɗin haka. A dokar Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, jirgi ba ya komawa aiki bayan gyara sai injiniya mai lasisi ya sa hannu, kuma lasisin nasa ne na kansa. Amma doka a takarda take. Injiniyan da albashinsa ke hannun wanda ke matsa masa, wata uku ba a biya shi ba, ba kowa ne zai iya tsayawa kamar wannan tsoho ba.

Mu a Sakkwato bai kamata a yi mana dogon bayani a kan iskar taya ba. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke jigilar alhazai a madadin Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai kawo su nan. Biyu daga cikin tayoyinsa ba su da cikakkiyar iska. Bincike ya nuna an gano haka kwanaki kafin ranar, an kuma sauya lambobin awon a takarda don su nuna komai daidai. A safiyar tafiyar makanike ya nemi iskar naitirojin da za a ƙara, ba a same ta nan take ba, aka zaɓi kada a makara. Tayar da ke kusa da maras iska ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta ta fashe tun jirgin na gudu a kan titi, ta biyu ta bi ta, ƙarfe ya goga ƙasa wuta ta kama, aka naɗe tayoyin cikin jirgin da wutar a jikinsu. Matuƙan sun juyo don su sauka, ba su kai titin ba. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. Allah Ya jiƙansu. Wancan babban jirgi ne mai injin huɗu, na feshi kuwa mutum ɗaya yake ɗauka, amma maganar da aka yi a gindin tayar iri ɗaya ce da wadda na ji da kunnena: a lallaɓa na yau.

Sai yanayinmu, wanda ba ya taimaka wa kowa. Filin jirgin Sakkwato yana kan tsayin kusan mita 300 ne daga teku, wato ba wani tudu ba ne. Amma iska mai zafi ba ta da kauri. A watan Afrilu, lokacin da shinkafar rani ke nuna, zafi na haura digiri 40, kuma in ka yi lissafin da matuƙa ke yi, jirgin yana jin kansa kamar yana kan tudu mai ƙafa 4,500. Ma'anarsa, ko da agogon gudu na nuna lambar da aka saba, ainihin gudun da yake taɓa ƙasa da shi ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari, nisan da zai ci kafin ya tsaya kuma ya ƙaru fiye da haka, burki ya ƙara zafi. In matuƙi ya fasa sauka ya nemi sake tashi, injin da farfela ba za su ba shi abin da suke bayarwa da sanyin safiya ba. Ga nauyi kuma. Air Tractor 502B yana da tanki mai cin lita kusan 1,900, an yarda ya tashi da nauyin kilo kusan 4,260, amma iyakar da aka sa masa ta sauka kilo kusan 3,630 ce. Jirgin da ya tashi a cike, hadari ya kore shi ya dawo bai yi feshi ba, yana iya dawowa da abin da ya fi ƙarfin ƙafafunsa. Ba za su karye a ranar ba. Tsagewa ce ƙarama za ta fara a gindin noti, ta yi ta girma a ɓoye.

Aikin jan-baki yana da wata wahala tasa da sauran feshi ba su da ita. Matuƙin da ke watsa taki a gonakin Amurka ko Ostareliya yana iya sauka sau da dama a yini, gajiya ce ke cin sa. Namu sau ɗaya yake fita, amma a mafi munin lokaci. Tsuntsayen ba sa taruwa sai rana ta kusa faɗuwa, dole a jira su shiga makwanci sannan a bi ta kansu. A nan kuwa tsakanin faɗuwar rana da duhu bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. Matuƙi zai gama feshi, gilashinsa ya ɓaci da ƙura da jini da gashin tsuntsu, wani lokaci har sun toshe matatar iskar injin, ya kama hanyar gida haske na ƙarewa. In ya dawo da wuri, da damina iska daga kudu maso yamma take, sauka kuma ana fuskantar iska ne, wato ana fuskantar rana tana daidai ido. In ya makara, fili na ƙasa ba shi da fitila. Da hunturu kuma hazo ne ke shafe inda ƙasa ta ƙare sama ta fara.

Akwai kuma maganin kansa. Wanda aka fi amfani da shi a kan jan-baki shi ne fentiyon, da ake sayarwa da sunan Queletox, daga dangin gubar da ke taɓa jijiyoyi. Yana shiga ta fata da numfashi. Alamominsa na farko ciwon kai ne, jiri, zufa, yawu, gani ya dushe, ƙwayar ido ta tsuke. Ka duba wannan na ƙarshe: mutumin da zai sauka a duhun magariba, ƙwayar idonsa ta ƙi buɗewa. Saboda haka bututun magani mai ɗiga a kusa da ɗakin matuƙi, ko robar ƙofa da ta saki, ni a wurina matsalar sauka ce, ba ta tsafta kawai ba. Inda ake aikin da tsari, ana gwada jinin matuƙi da masu haɗa magani kafin kakar aiki da kuma tsakiyarta. (Tunda na zo nan, bari in faɗa: tsuntsayen da ake tsinta da safe a ƙarƙashin makwanci bayan feshi ba na ci ba ne. Na ga an cika buhuna da su an nufi kasuwa. Wuta ba ta tabbatar maka gubar ta fita.)

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar ƙasashe irin namu ce kaɗai. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahoto na musamman a 2014 a kan jiragen noma. Ta ƙirga haɗari 802 tsakanin 2001 da 2010, 81 daga cikinsu da asarar rai, ta kuma bi diddigin 78 da suka faru a 2013. Cikin abubuwan da ta nuna wa yatsa akwai gajiyar matuƙa da rashin kula da gyara yadda ya kamata. A Ostareliya kuwa, ranar 24 ga Oktoban 2013, wani Dromader da ke aikin kashe gobarar daji a jihar New South Wales, fiffikensa na hagu ya rabu da jiki a sama, matuƙin ya rasu. Masu bincike sun gano tsatsa ce ta fara cin ƙananan ramuka a ƙarfen da ya haɗa fiffike da jiki, tsagewa ta tashi daga nan. Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin shi ne an duba wurin, an sa hannu, amma da hanyar dubawar da ba ita aka amince da ita ba. Littafi ya nuna an yi aiki, ƙarfe kuma yana ci gaba da tsagewa.

Tsatsa ita ce ciwon jirgin feshi na kullum, domin taki da magani suna cin ƙarfe, su maƙale a lungunan da ido ba ya kaiwa. Shi ya sa aka yi faifan gefensa masu saurin cirewa, don a buɗe a wanke. Shi ya sa ginshiƙin fiffiken Air Tractor da na Thrush ke da adadin sa'o'in da hukumar jiragen sama ta Amurka ta ƙayyade, in sun cika a canza, ko da a ido sabo ne fil. Jirgin da aka sayo na hannu, ya bi ta ƙasa biyu ko uku kafin ya iso nan, in littafinsa na da gibi, babu wanda zai iya rantse maka sa'a nawa ta rage wa fiffiken. Ni da zan ba da kwangila, littafin zan fara cewa a kawo kafin hoton jirgin.

Man jirgi ma haka. In daga duro ake zuba shi, duron da ya kwana a tsaye cikin ruwan sama yana tsotsar ruwa ta bakin murfi yayin da ya huce da dare. Dattijon injiniyan nan kwantar da nasa duron yake yi, kuma kowace safiya sai ya tsiyayi kaɗan daga ƙasan tankin jirgi cikin kwalba ya ɗaga wa haske. Ruwa ya fi man nauyi, yana kwanciya a ƙasa kamar ƙwallayen gilashi. Injin da ya shaƙi ruwa yana mutuwa, kuma jirgin da ke tafiya mita kaɗan a saman itace ba shi da lokacin zaɓen inda zai sauka.

Inda nake ganin gyara ya fi sauƙi shi ne wajen masu ba da aikin. Jan-baki ba baƙo ba ne, an san watannin zuwansa. Amma sai kuka ya yi yawa sannan a saki kuɗi, jirgin da ya yi watanni a ajiye rana na dukan tayoyinsa, robobinsa sun bushe, zanzaro ya yi gini a bututun awon gudunsa, a ce gobe ya tashi. Sannan da sa'o'in tashi ake lissafin aikin, wato ranar da injiniya ya tsayar da jirgi don gyara, ranar asara ce ga mai kwangila. Wa zai so ta? Da za a rattaba hannu tun kafin shuka ta fitar da kai, a sa kwanakin dubawa cikin lissafin kuɗi, a shardanta cewa taya da tib da kayan burki da matatu suna nan a Sakkwato kafin tashin farko, da rabin abin da na lissafa a sama bai taso ba. Filin ƙasa kuma a ba wa mutanen garin amanarsa ta hannun hakimi ko mai unguwa, a biya su: a taka shi da ƙafa kafin kowace sauka, a cike ramin gara da sawun amalanke, a kafa tuta mai nuna iska, a tsare babura da awaki da yara. Ƙananan haɗurra irin wanda na gani su ma a riƙa kai rahotonsu ga hukumar binciken haɗurra ta Najeriya, NSIB, wadda ta gaji tsohuwar hukumar AIB a 2022, domin aikinta gano dalili ne, ba ɗaure mutum ba.

Saura abu ɗaya da ya shafi kowa, ba ma'aikata kaɗai ba. Ranar da jirgin nan ya juye, kafin ƙura ta lafa mutane sun fi hamsin a kansa, wasu ba takalmi, wani har yana taɓa ruwan da ke ɗiga daga bututun da ya karye. In jirgin feshi ya faɗi ko ya kauce a kusa da ku, a tsaya ta inda iska ke fitowa, ba inda take zuwa ba. Mutum biyu ko uku sun isa su taimaki matuƙi in bai fito ba; akwai hannun buɗe ƙofa ta waje, yawanci da jan fenti. A kashe sigari, a hana yara da dabbobi matsowa, kada a ɗebi komai, kada a bari abin da ya zuba ya gangara rijiya ko gulbi, a tare shi da ƙasa. Wanda maganin ya taɓa ya tuɓe kayan nan take ya wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa, a kai shi asibiti ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau, domin fentiyon kan yi jinkiri kafin ya nuna kansa. A gaya wa likita sunan maganin, in da hali a tafi da hoton takardar jikin duron. Allurar atirofin ce ake fara ba wa mai irin wannan guba, kuma ya kamata asibitin da ya fi kusa da filin ya san da aikin tun kafin jirgi ya iso, ya tanade ta.